Yadda Ake Samun Lasisin Aikin Kula da Numfashi a Amurka da Yadda Ake Sabunta Shi

A asibitocin Amurka akwai ma'aikacin lafiyar da aikinsa gaba ɗaya ya ta'allaƙa ne ga huhu da numfashi. Shi ne yake daidaita na'urar taimaka wa numfashi a sashen masu jinya mai tsanani, shi yake auna yawan iskar oksijin da ke cikin jinin majinyaci, yake ba masu ciwon asma magani ta hanyar shaƙa, yake kuma tsayawa a kan jarirai bakwaini waɗanda huhunsu bai gama ƙwari ba. Aiki ne da kuskure kaɗan a cikinsa kan iya halaka rai, shi ya sa doka ba ta barin kowa ya yi shi sai da izini. Jihohi 49 da birnin tarayya na Washinton duk suna da dokar lasisi a kan wannan sana'a, kuma Alaska ce kaɗai aka daɗe da sani a matsayin jihar da ba ta da irin wannan doka.

Abin da ya kamata mai sha'awar aikin ya riƙe tun daga farko shi ne, takardu biyu zai nema daga wurare biyu, kuma kowace da nata wa'adin. Ta farko ita ce takardar shaidar ƙwarewa da hukumar NBRC, mai shirya jarrabawar masu kula da numfashi a faɗin Amurka, take bayarwa, wadda take tabbatar da cewa mutum ya ci jarrabawar ƙasa. Ta biyu ita ce lasisin jiha, wanda shi kaɗai yake ba mutum ikon taɓa majinyaci. Yawancin matsalolin da ma'aikata suke faɗawa ciki daga cakuɗa waɗannan biyun suke tasowa, domin mutum yakan sabunta ɗaya ya ɗauka ya gama, alhali ɗayar tana gab da mutuwa.

Karatu da jarrabawa

Matakin farko makaranta ce, kuma ba kowace makaranta ba. Dole ne shirin karatun ya kasance wanda hukumar CoARC ta tantance, domin ita ce take duba makarantun wannan fanni a Amurka. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne ƙaramin digiri na shekara biyu wanda kwalejojin al'umma suke bayarwa, kodayake akwai jami'o'in da suke yin cikakken digiri har da na biyu. Kafin a biya ko sisi na kuɗin makaranta, a shiga shafin CoARC a tabbatar sunan shirin yana cikin jerin waɗanda aka amince da su. Wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan uwanmu da suka tafi Amurka da takardun aikin jinya ko na gashin ƙashi daga Najeriya ko Nijar ko Gana: ilimin da suka zo da shi zai sauƙaƙa musu karatu, makaranta ma tana iya yafe musu wasu darussan share fage, amma takardun gida ba sa buɗe ƙofar jarrabawar NBRC kai tsaye. Sai mutum ya bi ta shirin da aka tantance.

Bayan kammala karatu sai jarrabawar da ake kira TMC, wadda ake yi a kwamfuta a cibiyar jarrabawa. Tambayoyi 160 ne na zaɓar amsa, a cikin awa uku, amma 140 kawai ake lissafawa. Sauran 20 ɗin na gwaji ne da hukumar take auna ingancinsu, kuma ba a nuna wa mai jarrabawa waɗanne ne su, saboda haka duka zai amsa da gaske. Jarrabawar tana da makin ci iri biyu. Wanda ya kai ƙaramin maki ya sami matsayin CRT, wato matakin farko na shaidar ƙwarewa. Wanda ya kai babban maki ya sami CRT, ya kuma cancanci shiga jarrabawa ta biyu mai suna CSE, inda ake kawo masa matsalolin majinyata 22 cikin awa huɗu, ya nemi bayanan da suka dace, ya yanke shawarar abin da za a yi mataki-mataki kamar yana bakin gado. Cin wannan ne yake ba da matsayin RRT, wanda ya fi na farko daraja. Hukumar ta sanar da cewa daga watan Janairun 2027 za ta haɗe jarrabawar ta koma guda ɗaya, don haka wanda zai rubuta tasa a tsakanin nan ya duba tsarin da zai same shi.

A ganina, duk wanda ya fara karatun yanzu bai kamata ya tsaya a CRT ba. Jihar Kalifoniya ta daina ba sababbin masu nema lasisi da CRT tun daga farkon 2015, Ohayo ma ta bi wannan hanya, kuma ko a jihohin da dokarsu take karɓar CRT, manyan asibitoci RRT suke fara nema, musamman a sashen masu jinya mai tsanani da na jarirai.

Neman lasisin jiha

Da zarar sakamako ya fito sai a nufi hukumar jihar da ake son yin aiki a cikinta. Sunan hukumar ya bambanta: a Kalifoniya hukuma ce ta musamman ta masu kula da numfashi, a Tekzas hukumar likitoci ce take ba da lasisin, a Niyok kuwa aikin yana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jihar. Abubuwan da ake nema kusan iri ɗaya ne: takardar neman lasisi da kuɗinta, sakamakon karatu wanda makaranta za ta aika da kanta, tabbacin cin jarrabawa daga NBRC, da kuma ɗaukar zanen yatsu domin binciken tarihin laifi a jihohi da yawa. Wasu jihohin suna ƙara gwaji ko kwas a kan dokokinsu da ladubban aiki.

Akwai tambayoyi a takardar game da hukuncin kotu ko horon da wata hukuma ta taɓa yi wa mutum. A amsa su da gaskiya. Tsohon ƙaramin laifi da aka bayyana, aka haɗa da bayani da takardun kotu, sau da yawa ba ya hana lasisi, amma ɓoye shi laifi ne mai zaman kansa, kuma binciken zanen yatsu zai tono shi.

Sabuntawa

Nan ne aikin yake, domin neman lasisi sau ɗaya ake yi, sabuntawa kuwa tana tare da mutum har ya yi ritaya. A yawancin jihohi lasisi yana ɗaukar shekara biyu, kuma sharaɗin sabunta shi shi ne a yi wasu awanni na ƙarin ilimi a cikin wa'adin. Kalifoniya tana neman awa 30 duk shekara biyu, kuma lasisin yana ƙarewa ne a ƙarshen watan da aka haifi mai shi. Tekzas da Fulorida awa 24 suke nema a shekara biyu, sai dai Fulorida ta ware awa biyu daga ciki ta ce dole a yi su a kan hanyoyin kauce wa kuskuren jinya. Niyok tana sabunta rajista ne duk shekara uku, da awa 30. Wannan bambanci ya isa ya nuna cewa abin da abokin aiki a wata jiha ya faɗa ba hujja ba ne. Dokar jihar da ta ba da lasisin ita ce abin bi.

Yawan awanni ba shi kaɗai ake dubawa ba. Hukumomi suna duba wanda ya shirya kwas ɗin, kuma kwasa-kwasan da ƙungiyar AARC ta amince da su ne aka fi karɓa a ko'ina. Wannan ƙungiya ita ce uwar ƙungiyar masu sana'ar, tushenta yana komawa 1947 a birnin Cikago. Wasu jihohin suna iyakance awannin da mutum zai yi shi kaɗai ta intanet, suna neman wani kaso ya kasance darasi ne kai tsaye da malami. Wasu kuma suna son mafi yawan awannin su kasance a kan aikin jinya kansa, ba a kan shugabanci ko tafiyar da ofis ba. Mutum yana iya tara awa 30 cif, a ƙi karɓar goma daga ciki saboda ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

A lokacin sabuntawa, jihohi da yawa ba sa cewa a aiko da takardun kwasa-kwasan. Mutum yana sa hannu ne kawai cewa ya kammala. Daga baya sai hukumar ta zaɓi wasu ta yi musu binciken bazata, ta ce su kawo shaida. Saboda haka kowace takardar kammala kwas a adana ta, a takarda da kuma a kwamfuta, mai ɗauke da sunan kwas da kwanan wata da yawan awanni da lambar amincewa, kuma kada a zubar da ita don an riga an sabunta. Wanda ya sa hannu ya kasa kawo shaida, ba gibin awanni kaɗai za a tuhume shi da shi ba, har da yi wa hukuma ƙarya.

Ita kuwa takardar NBRC, duk wanda ya same ta daga 1 ga Yulin 2002 zuwa yau, shekara biyar take yi masa. Ana sabunta ta da awa 30 na ƙarin ilimi, ko da sake rubuta jarrabawar, ko kuma da cin wata sabuwar jarrabawar ƙwarewa ta hukumar, kamar ta kula da jarirai da yara ko ta manya masu jinya mai tsanani. Akwai kuma gajerun tambayoyi da hukumar take aikowa ta intanet duk wata uku, waɗanda idan mutum ya yi ƙoƙari a cikinsu ake rage masa awannin zuwa 15, ko ma a yafe masa su ɗungurungum. Sauƙin da ke nan shi ne, kwas ɗaya yakan iya shiga lissafin jiha ya kuma shiga na NBRC, muddin ya faɗa cikin wa'adin kowannensu. Idan takardar ta mutu, akwai rangwamen wata shida da za a iya farfaɗo da ita da biyan tara da kawo awannin. Bayan haka sai komawa ɗakin jarrabawa, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin da ya bar aji shekara goma.

Hukumomi kan aiko da tunatarwa ta wasiƙa ko imel, amma rashin samun saƙon ba uzuri ba ne a wurinsu, kuma sanar da su canjin adireshi wajibi ne a kan mai lasisi. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta ranakun biyu a kalanda, a kammala awanni aƙalla wata biyu kafin wa'adi, domin a sami sararin gyara idan an ƙi karɓar wani kwas.

Idan lasisin jiha ya riga ya mutu, a dakatar da aiki nan take har sai an farfaɗo da shi, domin ko kwana ɗaya aka yi ana duba majinyata da mataccen lasisi, aiki ne ba da izini ba a idon doka, kuma asibitin ma yana iya shiga matsala. Farfaɗowar takan buƙaci kuɗin sabuntawa da tarar jinkiri da shaidar awanni. A Kalifoniya, lasisin da ya shekara uku a mace ana soke shi ne gaba ɗaya, sai mutum ya sake nema kamar sabon shiga. Wanda ya san zai daɗe ba ya aiki, saboda haihuwa ko doguwar tafiya gida, gara ya tambayi hukumarsa ko tana da tsarin ajiye lasisi na wucin gadi, wanda yake barin sunan mutum a rajista ba tare da ikon yin aiki ba.

Mai shirin ƙaura zuwa wata jiha kuma ya sani cewa takardar NBRC tana binsa duk inda ya je, amma lasisi ba ya ƙetare iyakar jihar da ta bayar da shi. Sabuwar jihar za ta nemi tsohuwar ta aiko da tabbacin cewa lasisinsa yana raye kuma babu hukunci a kansa, saboda haka a fara neman sabon tun kafin a ajiye aiki, kuma kada a bar tsohon ya mutu sai sabon ya shigo hannu.