Darasi na 9: Ƙaramar jif mai shan wuta da fetur

Wani ɗalibinmu na ajin dare a Agege direba ne a gidan wani attajiri a Lekki. Ran nan ya shigo aji ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, maigida ya sayo wata jif, na danna maɓallin tayarwa har sau uku ba ta ce uffan ba. Na ce masa batir ya mutu, yaran gidan suka yi ta dariya." Motar lafiyarta ƙalau. Ta riga ta tashi, shiru kawai take yi. Wannan ne ya sa muka ware darasin yau.

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ku rubuta su a littafinku: caji, batir, soket, mita, yunit.

Wace irin mota ce?

Motar tana da baki biyu. Ta ɗaya ake zuba fetur, ta ɗayan ake jona wayar wuta. A cikinta akwai injin fetur irin wanda muka sani, akwai kuma babban batir a shimfiɗe ƙarƙashin motar. Idan batir a cike yake, da wuta take tafiya. Idan ya yi ƙasa, inji ya karɓa da kansa, ba sai ka tsaya ba. Kada ku haɗa ta da haibirid ɗin da aka saba gani, wadda ba a jona ta da soket. Wannan ana jona ta, kuma batirinta ya fi girma nesa ba kusa ba.

Misali, Toyota RAV4 Prime da ta fito a 2020 batirinta yana ɗaukar yunit 18, kuma kamfanin ya ce tana yin kusan kilomita 68 ba ta taɓa fetur ba. Mitsubishi Outlander irin wannan ta riga ta fitowa, tun 2013. A Legas, da zafi da esi a kunne, ka sa ran abin da bai kai haka ba. Duk da haka, gadar Third Mainland tsawonta bai cika kilomita 12 ba, kun ga ke nan zuwa aiki da dawowa na yawancin mutane yana shiga cikin caji ɗaya.

Idan ka ga kalmar READY ta haska a gaban sitiyari, mota ta tashi. Ku koyi gane haruffan nan biyar ko da ba ku jin Turanci.

Caji, inda gizo ke saƙa

A nan zan daɗe, domin a nan ake asara. Soket ɗin gida mai ƙafa uku yana cajin motar, amma a hankali, awa bakwai zuwa takwas daga ƙasa zuwa cikawa. Duk tsawon lokacin nan tana jan wuta kamar ka kunna hitar ruwa ka bar ta dare guda. Soket ɗin da ya yi sako-sako ko wayar da ta tsufa ba za su jure ba.

Ni kaina na ga haka da idona. A gidan da na taɓa aiki, wayar cajin ba ta kai inda aka ajiye motar ba, sai na ɗauko ƙarin waya irin wadda muke jona fanka da ita. Wajen ƙarfe biyu na dare mai gadi ya buga mini ƙofa, wai yana jin ƙaurin roba. Muka tarar bakin fulogin ya narke ya yi baƙi, har ya manne da soket. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar ban ƙara ba, kuma ba na so ku gwada. A kira mai aikin wuta ya ja layi na musamman daga akwatin wutar gidan, da waya mai kauri da wayar ƙasa, wato atin. In babu atin, wasu wayoyin cajin ƙin aiki suke yi gaba ɗaya.

Sai maganar tokumbo. Motar da aka kawo daga Amurka takan zo da wayar caji ta wutar can, mai ƙarfin volt 120. Tamu ta Najeriya 230 ce. Ka duba rubutun da ke jikin akwatin wayar kafin ka jona. Idan 120 kaɗai ka gani, ajiye ta, a nemo wadda ta dace.

Ƙaramin janareta da ake kunna fitila da talabijin ba zai iya ba, kada ma ka wahalar da shi. Babba zai iya, amma a ganina wannan wauta ce: ka ƙona fetur a janareta don ka cika batir, alhali motar tana da injin da zai ƙona fetur ɗin da kyau.

Lissafi

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya koyi lissafin lita. Amma wuta ma ba kyauta ba ce. A Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga unguwannin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, yunit ɗaya ya haura naira 200. Mu ɗauka cika batir ya cinye yunit 16 a mita, kowane a naira 210. Naira 3,360 ke nan, ka yi kilomita kamar 60. Wannan tafiyar da fetur za ta sha kusan lita huɗu. In lita tana naira 900, naira 3,600 ke nan. Kun ga ratar ba ta kai yadda dillalai ke zuzutawa ba. Wanda ke da sola mai ƙarfi a gida, ko wutarsa ta fi araha, shi ne ya ci riba sosai. Wanda kuwa ba ya caji ko kaɗan, batir mai nauyi kawai yake yawo da shi a banza.

A kan titi

Cunkoso shi ne inda motar ke nuna kanta. A tsaye a Oshodi ko Ikorodu Road inji a kashe yake, esi na aiki da batir. Duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali, ɗan caji yana komawa batir. Sai dai shirun nan yana da haɗari. Masu talla a tsakanin motoci da yaran da ke tura baro a Mile 12 da kunne suke kauce wa mota, ita kuwa ba a cika jin ta ba. Sa ido, ka taɓa hon.

Tafiyar gida lokacin Sallah ba matsala, fetur ne zai kai ka Kano kamar kowace mota. Da damina kuwa, idan ruwa ya cika titi a Lekki, kada ka bi bayan danfo ka kutsa. Batirin a ƙasa yake, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Ka bar inji yana tashi lokaci-lokaci, domin fetur da ya yi watanni a tanki lalacewa yake, kuma baƙin mai yana buƙatar canji ko da injin bai yi aiki da yawa ba.

Idan ka buɗe bonet za ka ga wayoyi masu kauri launin ruwan lemo. Wutar cikinsu tana kisa. Kada ka taɓa, kada ka bar bakaniken da bai san irin motar ba ya sa musu sifana, komai daɗewarka da shi. Taya da birki ana samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, aikin batir kuwa sai wanda ya koya.

Aikin gida

Je ka duba mitar gidanku ko rasit ɗin sayen wuta, ka rubuta kuɗin yunit ɗaya. Tambayi kuɗin lita a gidan mai mafi kusa. Ninka na farko sau 16, na biyu sau huɗu, ka kawo amsar ranar Talata.