Darasi na 7: Zama da Jaka a Ciki Bayan Aikin Hanji

Baffana ya yi wata biyu bai leƙa masallaci ba bayan an sallamo shi daga asibiti, shi da tun muna yara takunsa ke tashinmu da asuba. Aikin hanji aka yi masa, likita ya fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, bayan gida ya riƙa fita ta nan zuwa cikin jaka. Ɗinki ya warke, amma kunya ta ɗaure shi a ɗaki. Don irinsa da masu jinyarsu aka shirya wannan darasi.

Wannan ƙofa likitoci na kiranta sitoma. In daga babban hanji aka fito da ita, yawanci a hagu take, kuma abin da ke fita yana da ɗan kauri. In daga ƙaramin hanji ne, galibi a dama take, abin da ke fita ruwa-ruwa ne, a kai a kai. Akwai kuma ta fitsari. Abin da ke kai mutum ga wannan aiki yana da yawa: taifod da ya huda hanji, murɗewar hanji, ciwon daji, rauni a ciki, ko jariri da aka haifa ba dubura. A nan Zariya ana yin aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wata sitomar ta ɗan lokaci ce, bayan watanni a mayar da hanji wurinsa. Wata kuwa ta zauna ke nan. Ka tambayi likita wace iri ce taka.

Ranar da aka fara koya wa Baffa canza jaka, kawar da kai ya yi. Ya ce wa nas, “’Yar nan, ki yi abinki kawai, ba zan iya kallo ba.” Ta ce, “Baba, ni a nan za ka bar ni, ita kuwa da ita za ka tafi gida. Daure ka duba.” Ya duba. Sitomar ja ce jajir, da danshi, kamar cikin baki. Haka lafiyayya take. Taɓa ta ba ya zafi, kuma ɗan jini kaɗan lokacin gogewa ba abin tsoro ba ne.

Fatar da ke kewaye da ita ce babban aiki. In bayan gida ya zauna a kan fata, sai ya cinye ta, jaka ta ƙi mannewa, ta yi yoyo, fata ta ƙara lalacewa. Saboda haka ka ɓare tsohuwar jaka a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ka wanke wurin da ruwa mai ɗumi da ƙyalle mai laushi, ka bari ya bushe sarai. Kada ka shafa man kaɗanya ko basilin, domin maiƙo na hana gam kamawa. Ramin da za ka yanka a jaka ya fi sitoma faɗi da kamar milimita 2 zuwa 3 kawai. A makonni 6 zuwa 8 na farko kumburi na saɓewa, sitoma na raguwa, don haka a riƙa sake aunawa. Bayan ka manna, ɗora tafin hannunka a kai na minti ɗaya, ɗumin hannu na taimaka wa gam. Ka zubar da abin da ke ciki tun jaka ba ta kai rabi ba. A zafin Maris da Afrilu gumi na saurin sakin gam, sai a ƙara sa ido.

Jaka na da tsada, gaskiya ce, har wasu na koma wa leda da filasta. Ba na zarginsu, amma fata ce ke shan wahalar. Kafin ka kai ga haka, ka faɗa wa nas halin da kake ciki, kuma ’yan’uwa su sani cewa kuɗin jaka kuɗin magani ne.

Abinci kuwa, yawancin abin da ka saba ci za ka ci. Ka tauna da kyau, ka ci kaɗan-kaɗan. Wake, kabeji, albasa da ƙwai na ƙara iska da wari. Shinkafa, tuwo da ayaba na sa kauri. Mai sitomar ƙaramin hanji ya yi hattara da gyaɗa, aya, gasasshiyar masara da kwakwa, don suna iya toshe hanya. Shi ne kuma ruwan jiki ya fi ƙare wa da wuri. In abin ya yi ruwa da yawa, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa. Maganar azumi, a fara ganin likita. Ɗaukar buhu da jan ruwa a rijiya a bar su sai likita ya yarda, don gudun ƙaba.

A koma asibiti ba jira in sitoma ta yi duhu ko baƙi, in jini ya ƙi tsayawa, ko in ba abin da ke fita ga ciwon ciki da amai.

Salla ce ta fi damun Baffa. Limamin unguwarmu ne ya zo har gida ya warware masa: a mazhabar Malikiyya, hadasin da ke fita ba da ikon mutum ba, ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Ya ce, “Alhaji, zubar da abin da ke cikin jakarka kafin salla, ka yi alwala, ka zo. Gurbinka a sahu na nan.” Juma’ar da ta biyo baya ya fita, jaka a ƙarƙashin babbar riga ba mai gani, da wata sabuwa da ƙyalle a aljihu saboda ko-ta-kwana.

Aikin aji: kowa ya zana da’ira a takarda daidai bakin murfin kwalba, ya yanke ta da almakashi, ya ɗora a kan murfin, mu ga wanda raminsa ya zauna daidai.