Yadda za ka kula da kanka in ka je bakin teku a Legas

Jama'a masu zuwa bakin teku da sallah, Elegushi ne ko Alpha, dan Allah ku sani ruwan nan ba irin na dam ɗin Tiga ba ne, Atlantika ce a buɗe ba abin da ya tare ta, kuma wallahi waɗanda suka iya iyo a kogi su ne suka fi saurin sakin jiki da ita.

In ka isa kar ka yi saurin tuɓewa. Tsaya daga sama ka kalli ruwan kamar minti 10. Za ka ga igiyar ruwa tana fashewa da farin kumfa dama da hagu, sai kuma wani ɗan wuri a tsakiya da ya yi lif, ruwan ya fi duhu, kumfa da leda da robobi suna tafiya ciki maimakon su fito. To nan ne wajen haɗarin, duk ruwan da igiya ta kwaso ta zuba a gaɓa ta wannan hanyar yake komawa, kuma gudunsa yana iya kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, ba mai iyon da zai ja da shi. Abin takaici mutane nan suke zaɓa saboda sun ga ya fi kwanciya.

In ya ɗauke ka kar ka ce sai ka dawo gaɓa kai tsaye, gajiya ce take kashe mutane, shi ruwan ba ƙasa yake jan ka ba, ciki yake kai ka. Kwanta rigingine, ka yi numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. In da sauran ƙarfi sai ka yi iyo gefe, wato ka bi tsawon gaɓar, domin hanyar ba ta cika faɗi ba, kana fita daga cikinta igiya da kanta za ta turo ka waje.

Kai kuma da kake tsaye kana kallo, na san zuciya ba za ta bari ba in ɗan'uwanka ne, amma kar ka faɗa. Jefa masa jarka mai murfi ko tub na taya, ka ƙwala wa masu ceto kira, wani ya buga lambar gaggawa, 112 ko 767.

Kar a shiga da kaftani ko jins ko dogon hijabi, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Masu ɗaukar hoto kuma a daina juya wa teku baya, igiya ɗaya ta isa ta kwashe ƙafar babba balle yaro, shi ya sa yara sai a hannu ko da ruwan iya idon sawu ne. In an kafa jar tuta a haƙura, haka da damina wajen Yuni zuwa Satumba ruwan ya fi hauka, ko ambaliyar teku ta gaɓar Kuramo a Legas da ta ci rayuka a watan Agustan 2012 aka yi ta.

Mai son yara su taɓa ruwa gara ya kai su Tarkwa Bay, duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa sun tare mata igiya. Da jirgin ruwa ake zuwa, a tabbata kowa ya ɗaura layif jaket kafin a tashi.