Kurakuran sababbin ɗaliban karate, judo da jujitsu

Duk sabon ɗalibin da ya shigo ɗakin horo, idan ka tambaye shi abin da ya kawo shi, amsar kusan ɗaya ce: yana so ya samu ƙarfin zuciya, ya iya kame kansa, ya daina firgita. Niyyar ba ta da laifi. Amma kafin a yi nisa sai ka ga ya ɗauki hanyar da za ta kai shi wurin mai ɗori, ko ta mayar da shi gida yana cewa abin ba nasa ba ne. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tara kurakuran a nan. Ba kowane malami ne zai yarda da magungunana ba, ni dai su nake amfani da su.

Babba a cikinsu shi ne ƙin sallamawa. A judo da jujitsu, idan abokin karawarka ya banƙare maka gwiwar hannu ko ya shaƙe ka, ƙa'ida ita ce ka bubbuga jikinsa ko tabarma, ya sake ka nan take, ku miƙe ku sake sabon lale. Sabon shiga kuwa gani yake wannan abin kunya ne. Sai ya cije leɓe, ya runtse ido, wai shi yana nuna juriya. Wace juriya? Gwiwar hannu ba ta san jarumta ba. Jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa ba sa samun jini kamar yadda tsoka take samu, don haka idan suka yage sai an daɗe ana jinya. Shaƙa ta fi ma haɗari wajen yaudara, domin idan ta matse hanyoyin jinin da ke gefen wuya, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka mutum zai iya suma, kuma sau da yawa babu wani zafin da zai gargaɗe shi.

Ba labari aka ba ni ba. Wani yaro da na girme shi, na kuma riga shi fara horo, ya kama mini hannu a gaban jama'a, kamu mai kyau wanda babu mafita. Na san an gama da ni, amma girman kai ya ce in ƙara daurewa. Sai na ji ƙas. Watanni na yi ina zaune a gefe ina kallon mutane suna horo, kuma ranar da na dawo yaron nan ya yi mini fintinkau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da na jefa shi: ya daɗe yana jin nauyina, yana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Yanzu dokata ita ce, da zarar kamu ya kulle ka sallama, kada ka jira zafi. Kana miƙewa ka tambaye shi ta ina ya shigo maka. Ni har da gangan nake fara karawa daga mummunan matsayi, in kwanta a ƙasa in bar wanda ya fi ni nauyi ya danne ni, in ga ko zan iya daidaita numfashi in yi tunanin mafita. A nan ne ƙarfin zuciyar da kuka zo nema yake tsira. Mutumin da ya saba a kayar da shi a gaban idon jama'a, ya tashi ya yi tambaya, ya kuma dawo washegari, gyaran da shugabansa zai yi masa a wurin aiki ba zai hana shi barci ba, faɗuwa jarrabawa ma ba za ta sa ya jefar da karatu ba. Wanda ya ƙi sallamawa kuwa bai koyi komai ba sai yadda ake ɗaure bandeji.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ci gaba da karawa bayan an sha bugu a ka. Idan kanka yana ciwo, kana jin jiri ko tashin zuciya, ko haske yana damun idonka, horon ranar ya ƙare, kuma likita ne zai faɗi ranar dawowa. Bugu na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta huce daga na farko shi ne mai yin mummunar ɓarna. Duk malamin da ya ce maka "daure, kai namiji ne" a irin wannan hali, ka ɗauki jakarka ka canja wuri.

Sai masu mayar da karawar gwaji fagen yaƙi. Waɗannan su ne suka fi ba ni haushi, domin su ba kansu kaɗai suke cuta ba. Za ka ga mutum ya shigo da ƙarfinsa duka, ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuya sun miƙe, yana kai naushi kamar an zagi iyayensa. Minti ɗaya bai cika ba ya fara haki, alhali turmin damben zamani minti uku ne, karawar judo kuma minti huɗu. Ku saurara da kyau, ku masu wannan hali: wanda ke tsaye a gabanka aron jikinsa ya ba ka don ka koya. Ka ji masa rauni yau, gobe da wa za ka yi horo? Babu mai gaya maka a fuska, amma sannu a hankali za ka ga idan aka ce kowa ya zaɓi abokin karawa, kai kaɗai kake saura a tsaye. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882, a kan ginshiƙai biyu ya ɗora ta: amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa ba tare da ɓarna ba, da kuma amfanar juna. Mai hauka a karawa ya rushe duka biyun a lokaci guda. Maganina mai sauƙi ne, ko da yake ɗalibai ba sa son sa. Ina sa mutum ya kara da rabin ƙarfinsa, bakinsa a rufe, yana numfashi ta hanci. Da ya buɗe baki yana haki, to ya wuce gona da iri, ya rage. Na kuma hana shi neman nasara a ranar: dabara ɗaya zai zaɓa ya yi ta gwadawa, ko da za a kayar da shi sau nawa. Wanda ya koyi riƙe fushinsa lokacin da naushi ya sauka a hancinsa, baƙar magana a kan hanya ba za ta ɗebe shi ba.

Raina koyon faɗuwa ma kuskure ne. A judo shi ake fara koyarwa kafin kayarwa: haɓa a manne da ƙirji, hannu ya daki tabarma, kada a tokare ƙasa da tafin hannu. Yawancinku har ku tsufa ba za ku yi faɗa a titi ba, amma santsi zai kwashe kowa wata rana.

Ga kuma masu ƙirga kwanakin samun bel, wato ɗamarar da launinta ke nuna matakin ɗalibi. Shi kansa tsarin matakan, Jigoro Kano ne ya shigo da shi, karate da taikwando suka ara daga baya, kuma baƙin bel na farko alama ce cewa mutum ya kama tushe, yanzu zai fara karatu na gaske. A jujitsun Barazil ba abin mamaki ba ne a shekara goma kafin a kai gare shi. Idan launin ƙyalle ne ya kawo ka, lokacin da ci gabanka zai tsaya cik na wasu watanni, kuma sai ya tsaya, ba abin da zai riƙe ka. Ni littafi nake ajiyewa, bayan kowane horo in rubuta abu ɗaya da ya gagare ni. Idan na waiwaya shafukan baya na ga abin da ya daina gagara ta, wannan ya ishe ni.

Masu shirin gasa kuma, kada wanda ya ruɗe ku cewa ƙin shan ruwa don a rage nauyi kafin awo horon zuciya ne. A ƙarshen 1997 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka mutu cikin 'yan makonni a garin rage nauyi ta wannan hanya, har hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta sauya dokokinta. Ka yi gasa a ajin nauyin da jikinka yake.

Ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Zuwa kullum a makon farko sannan a ɓace wata guda: gara sau biyu ko uku a mako, a ɗore. Tsallake ɗumama jiki don an makara. Kwaso dabara daga YouTube a gwada ta a kan wanda bai san da zuwanta ba. Sabon shiga ya koma yana gyara wa sabon shiga. Barin farce da zuwa da kayan da ba a wanke ba, alhali makero da sauran cututtukan fata ta tabarma suke yaɗuwa.

Akwai wanda na bari sai yanzu domin a wajen ɗakin horo ake yin sa. Mutum ya yi wata shida yana koyo, sai tafiyarsa ta canja, ya fara neman wanda zai taka shi. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate Tokiyo daga Okinawa a 1922, ya koyar da cewa mai karate ba ya fara kai hari, kuma da girmamawa ake farawa, da ita ake rufewa. Ko ka ajiye batun tarbiyya, lissafin ma bai fita ba: titi ba shi da tabarma, ba shi da alƙalin wasa, ba ka san abin da ke aljihun mutum ba, ba ka kuma san mutum nawa ne a bayansa ba. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ɗalibin da ya zo yana ba ni labarin yadda ya tumurmusa wani a waje, hutun wata guda nake ba shi daga karawa, ya koma layin sababbi yana koyon faɗuwa.