Yadda za ki rubuta wa 'yan ƙaramar sakandare labarin ƙawance

Shekara tara ke nan ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Agege, da daddare kuma ina rubutu. 'Yar'uwa, in kina son rubuta wa 'yan aji ɗaya zuwa uku, masu shekara 11 zuwa 14, ki fara kasa kunne kafin ki ɗauki biro.

Ki tsaya wajen mai awara a bakin ƙofa lokacin tashi. Yaranmu na Legas bakinsu huɗu ne: Hausa a gida, Yarbanci da buroka a layi, Turanci a aji. Akwai yarinyar da ke cika gida da surutu, amma malami na kiran sunanta sai ta sunkuyar da kai, don an taɓa yi mata dariya kan yadda ta furta wata kalma. Akwai yaron da ake kira "aboki" har ya daina gyara musu cewa yana da suna. Daga wannan shirun za ki gina labarinki.

Ki ba jarumarki ƙawa ɗaya tak, wadda suke zama benci ɗaya, in ma Bayarbiya ce ya fi daɗi. Abin da zai raba su ya zama ƙarami a idon manya: sirrin da aka faɗa a danfo, wato motar haya ta Legas, ya zaga aji, ko an zaɓi ɗaya shiga muhawara an bar ɗaya. A wurin 'yar shekara 12 wannan tashin duniya ne, kuma dole ke ma ki ɗauke shi haka. Kada ki jawo musu soyayya da kishiya irin na littattafan manya, lokacin bai yi ba.

Kalandar makaranta za ta taimake ki. Zango uku ne a shekara, kuma jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, a ƙarshen aji uku tana raba ƙawaye, wasu ma a mayar da su Arewa. Ki sa wannan rabuwar tana matsowa babi bayan babi.

Inda na yi tuntuɓe shi ne ƙarshe. A rubutuna na farko malama ce ta tara yaran ta yi musu nasiha suka shirya. Da na karanta wa ɗalibaina, wata ta ce, "Malama, ai ba haka muke shiryawa ba." Gaskiyarta. Na goge shafi huɗu, na bar yarinyar ta miƙe a taron safe, murya na rawa, ta faɗi abin da ke ranta da bakinta. Manya su kasance a labarin, amma kada su karɓe mata maganar.

Babi kada ya wuce abin da za a karanta a hutun tara. In kin gama, ki buga kwafi biyar ki raba wa yara, ki ce kowa ya ja layi a inda ya gaji. Shafin da layuka suka taru, shi za ki fara gyarawa.