Yadda ake zama da wanda masifa ta girgiza

Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo, a arewacin Kamaru, a 2013, samari da 'yan mata da dama daga unguwanninmu na Marwa suka shiga aikin sa-kai, ambaliyar Yagwa ta 2024 kuma ta ƙaro wasu. Na sha zama gefe ina kallon sabon shiga a ranarsa ta farko da wanda ya tsere wa hari, ko ruwa ya ci gidansa. Kusan dukansu bakinsu ne ke kayar da su. Sallama da cire takalmi ba sai na koya maka ba.

Wannan aiki shi ake kira agajin farko ga tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa a 2011 a kan abubuwa uku: duba, saurara, sada mutum da taimako. Kai ba likita ba ne, ba ka ba da ƙwaya, ba ka sa wa ciwo suna.

Ka fara da ido. Akwai rauni? Ya ci abinci? 'Ya'yansa na ina? Mai jin yunwa ba ya hira, a nemo koko tukuna. Sababbi kan ruga wurin mai kururuwa, alhali wadda ta jingina da bango ta zuba wa ƙasa ido, an kira sunanta sau biyu ba ta amsa ba, ita ce abin tsoro. Ka zauna a tabarma, ta gefen mutumin, ka bar masa hanyar ƙofa a buɗe. Mace ta je wa mace. Littafi da biro kuwa, a wurina haramun ne ranar farko, domin wanda ya sha tambayoyi a shingen sojoji da teburin rajista, da ya ga takarda sai ya ɗauka wani binciken ne. Shayi na sefa 100 daga aljihunka ba laifi, amma kada ka miƙa kuɗi. Ka yi sau ɗaya, gobe ba mai zuwa don magana.

Sai sauraro, inda ni kaina na yi ɓarna. Wata dattijuwa ce daga wajen Kolofata, tana zaune tana murza bakin mayafinta. Na ɗauka in ta amayar da komai za ta samu sauƙi, sai na dinga tono: "Inna, da suka shigo me ya faru? Sai kuma me? Shi yaron fa?" Don kunya da girmama baƙo ta ba ni labarin kaf, hannunta na rawa har shayin ya zube mata a zane. Na tashi ina ganin na yi aiki. Da na koma, 'yarta ta tare ni a bakin zana ta ce, "Malam, kwana uku Inna ba ta runtsa ba. Ta ce a ce maka ba ta nan." Daga baya na gane cewa tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya gani dalla-dalla ba ya hana ciwon firgici, kuma masana sun daina ba da shawarar yin haka. Labarin nasa ne. In ya buɗe, ka karɓa. In ya tsaya a tsakiya, ka tsaya tare da shi.

Ɗaya kuskuren kishiyar wannan ne, kuma ya fi yawa a wurinmu. Mace ta fara magana ke nan, sai a rufe ta da "sai haƙuri", "ƙaddara ce", "ki gode Allah, wasu ma ba su fito ba". Gaskiya ne, amma ta riga ka sani, kuma abin da kunnenta ke ji shi ne "yi shiru". Addu'a da ta'aziyya suna da wurinsu, ka bari sai za ka tashi, ko ita ta fara ambato. Kafin nan, "Ina jin ki, Inna" ya isa. In shiru ya faɗo, ka ƙirga ashirin a zuci kafin ka buɗe baki. Ka kuma mayar mata da kalmarta: ta ce kanta na yi mata nauyi da dare, ka ce "Da dare ya fi tsananta ke nan?" Kada ka ce ka san yadda take ji.

Idan numfashi ya sarƙe, jiki ya ɗau rawa, ka sassauta murya, ka sa ta dafa ƙasa da tafin ƙafa, ku ja iska a hankali ku sake ta a hankali fiye da yadda kuka ja. Ka tambaye ta abin da ke gabanta: "Wannan kwanon wane launi ne?" In yarenta Barbarci ne ko Mafa, a samo tafinta babba mai riƙe sirri. Ɗanta ƙarami ba ya yin tafinta, ko da shi kaɗai ke jin Fulatanci.

Na ƙarshe, sada mutum da taimako. Ka nemo danginta, maƙwabtan da suka fito gari ɗaya, limami ko fasto, inda ake rabon abinci. Yawancin mutane da haka suke farfaɗowa. Amma mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, da wadda ta kasa kula da jaririnta, da saurayin da ya koma tiramol, da wanda mafarki da firgita suka wuce wata guda ba sauƙi, asibiti za a kai su, ruƙiyya ba ta hana hakan, mari da sarƙa kuwa babu su. Wanda ya ce gara ya mutu, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa masa ra'ayin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshin auduga daga ɗakin, a tafi asibiti ranar. Kuma kada ka ce za ka dawo Alhamis sai ka tabbata kana da kuɗin mashin.