Kurakuran da aka fi yi wajen gwada injin ces a kan kisan tilas

Matasan da ke buga ces a Kano, musamman ɗaliban jami'a da masu kwana a shafin buga ces na Lichess, sun ɗauko wata ɗabi'a. Mutum ya sauke Stockfish, wato injin ces, manhajar da ke lissafa taku, ya jera masa ƙarshen wasa, ya ce ya nemo kisan sarki, can sai ga hoton allo a rukuni wai injin kaza ya doke injin kaza. Yawancin sakamakon nan ba ya tsayuwa idan aka maimaita gwajin, kuma kurakuran dai su ne na kullum.

Mafi muni shi ne barin teburin Syzygy a kunne. Teburin nan, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013, ajiya ce ta sakamakon kowane jeri da 'ya'yan wasa suka rage kaɗan, har da sarakunan biyu a lissafi. Na 'ya'ya biyar bai kai gigabait ɗaya ba, na shida kuwa wajen gigabait 150 ne. Idan ka nuna wa injin wurin da teburin yake ta saitin SyzygyPath, to ba bincike yake yi ba, ɗalibi ne da ya shiga ɗakin jarrabawa da amsa a aljihu. Kai kuma ka zauna kana yaba masa sauri.

Bayan haka ma, Syzygy bai ajiye yawan takun da ya rage a kashe sarki ba. Abin da ya sani biyu ne: ci ne, ko canjaras, ko faɗuwa; sai kuma taku nawa ya rage a ci wani ɗa ko a tura soja, wato abin da ke mayar da lissafin dokar taku hamsin sifili (dokar da ke mai da wasa canjaras idan kowane ɓangare ya yi taku hamsin ba a ci ɗa ba, ba a kuma tura soja ba). Shi ya sa za ka ga injin ya bar gajeriyar hanya ya tura soja, ko ya nuna maka wata ƙatuwar lamba maimakon ya ce kisa a taku kaza. Ba lalacewa ya yi ba, tambayar da ka yi masa daban, wadda teburin ke amsawa daban. Mai son ainihin yawan takun kisa ya nemi teburin Gaviota, na 'ya'ya biyar, ko Nalimov da ya kai shida. Nawa tsarin shi ne a ɗebo amsar daga can a rubuta a gefe, sannan a share SyzygyPath kafin a fara. Gwajin da babu sahihiyar amsa a hannu tun farko ɓata caji ne kawai.

Daga nan sai yarda da duk abin da injin ya fara furtawa. Ya ce kisa a taku 14, ka rubuta 14 ka wuce. Ƙanina, abin da ya gaya maka shi ne ya ga wata hanya mai taku 14, bai ce babu wadda ta fi ta gajarta ba. An gina Stockfish ne don cin wasa, yana sare rassan da ya ga kamar ba su da amfani, kuma a cikinsu ne sadaukar da sarauniya ko takun jira na shiru kan ɓoye. Jerin da wanda ke da taku ya gwammace a ce ya wuce, amma doka ta tilasta shi ya motsa ya cuci kansa, nan ne saran ya fi yin ɓarna. Ka raba sakamakonka gida uku: ya ga kisa mafi gajarta, ya ga kisa amma mai tsawo, bai gani ba. Don tabbatar da gajartar, akwai manhajojin da aka yi musamman don warware matsala, kamar Popeye da Chest.

Haba jama'a, maganar ma'ajiyar Hash fa, inda injin ke ajiye abin da ya riga ya bincika? Ka gwada jeri sau ɗaya ya ɗauki minti biyu, ka sake dannawa ya amsa nan take, ka ce injin ya ƙara wayo. Ragowar binciken farko ce ke cikin ma'ajiyar. A tura umarnin ucinewgame ko a danna Clear Hash kafin kowane jeri, girman ma'ajiyar kuma ya zama ɗaya ga duk injinan.

Awo da agogo shi ma yaudara ne a garin nan. Laftof ɗin da aka sayo na hannu a Beirut Road, fankarsa ta sha ƙurar hunturu, idan ya haɗu da zafin Afrilu sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A ɗauke wuta ya koma kan batir, ya ƙara ragewa. Injin da aka gwada da asuba da wanda aka gwada bayan azahar ba a fili ɗaya suka yi gudu ba. Sa Threads, wato yawan zaren da injin ke bincike da su a lokaci ɗaya, a kan 1, ka ba da umarni kamar go nodes 10000000, wato ya tsaya bayan ya duba jeri miliyan goma. Da haka inji ɗaya zai ba ka amsa ɗaya kullum. Da zare da yawa kuwa sakamako na sauyawa ko ba ka taɓa komai ba.

Duba layin FEN ɗinka sosai, wato rubutun da ke gaya wa injin yadda aka jera 'ya'yan wasa. Ga misali: k7/8/2K5/8/8/8/8/1R6 w - - 0 1. Farin sarki ya je c7, baƙi ba shi da wuri sai a7, ruk ya sauka a1, an gama a taku biyu. Yanzu canza sifilin nan na kusa da ƙarshe zuwa 98, wato rabin taku 98 sun wuce ba a ci ɗa ba, ba a kuma tura soja ba. Dokar taku hamsin za ta cika kafin ruk ya motsa, injin ya nuna canjaras. Masu kwafo jeri daga tsakiyar wasa ne suka fi faɗawa wannan ramin.

Zurfin da allo ke nunawa rabin taku yake ƙirgawa, don haka kisa a taku biyu zurfi uku ne, a taku goma zurfi 19, kuma saboda saran rassa injin kan buƙaci fiye da haka.

Kada kuma jerin gwajinka ya ƙare a sarauniya ko ruk da sarki tilo, waɗanda mafi tsawonsu taku 10 ne da 16. Sa bishof da doki, wanda kan kai 33, da sarauniya a kan ruk mai kaiwa 35. Kisan nan mai taku 549 da teburin Lomonosov na 'ya'ya bakwai ya fito da shi, bar shi inda yake: an lissafa shi ne ba tare da dokar taku hamsin ba, injinka kuwa da dokar yake aiki.